Ulsa Irin Ta Anti

Injiniya, mai gyaran firji, ya shigo falo ya tarar da matarsa tana goge farar rigar 'yan sa-kai. Inna, mahaifiyarsa, tana kallon rigar kamar an kawo mata sammaci.

"Ka zo a daidai," in ji Inna. "Gobe matarka za ta tsaya gaban mata a asibiti ta ce an yanke mata nono. Da lasifika!"

"Babu lasifika, Inna," matar ta ce a hankali. "Koya musu kawai zan yi yadda za su duba jikinsu."

"Allah ya rufa miki asiri, ke ki je ki tona? Wa zai auri 'yar gidan da aka ce akwai wannan abu?"

Wannan abu dai kansa ce, wato ciwon daji. Injiniya ne ya raɗa mata suna ulsa lokacin da ta kwantar da matarsa, don ya rufe bakin dangi. Ulsa ce mai abin mamaki, har gashi take zubarwa, amma dangi masu kawaici ne, ba wanda ya tambaya.

Ya dubi matar da ya sha riƙe wa roba tana amai, yana rantsuwa in ta tashi ba zai ƙara ɓata mata ba. Ya dubi Inna. Ya zaɓi wadda ta fi murya.

"Ki haƙura, Maman Biyu. Ki bari tukuna."

"To," ta ce, ta ninke rigar.

Wannan "to" ɗin ta riƙa bin sa har shago. In matan asibiti suka bugo waya, yana ji tana ce musu aiki ne ya yi mata yawa. Ko sau ɗaya ba ta ce maigida ne ya hana ba. Da ta zage shi, da ya fi samun barci.

Bayan 'yan watanni, Auta, ƙanwarsa, ta zo shago ta tsaya tsakanin matattun firji.

"Yaya, ina jin ni ma ina da ulsa."

"Ki daina zama da yunwa mana."

"Ba ta ciki ba, Yaya. Irin ta Anti, matarka."

Sukundireba ya suɓuce masa.

"Tun yaushe?"

"Ranar da aka ninke rigar nan na zo in nuna wa Anti ƙullutun da na ji a nonona, sai na ji maganar Inna. Na ce to ni wa zai aure ni?" Ta fashe da kuka. "Sori, Yaya."

Ita ce ma take ba shi haƙuri!

Maman Biyu ba ta ce ai ga irinta nan ba. Mayafi ta ɗauka, ta kama hannun Auta. Likita ya ce an yi jinkiri, amma ba a makara ba.

A barandar asibiti wata maƙwabciya ta ci karo da su, har da Inna da Injiniya. "Inna, lafiya? Me ke damun Auta?"

Inna ta share hawaye. "Ai ul—"

"Kansa ce," in ji Injiniya. "Irin wadda matata ta yi, ta warke."

Rufin asibitin bai rufto ba. Maƙwabciyar ma sai ta rage murya, ta tambayi yadda ake dubawa.

Da suka koma gida ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. "Maman Biyu, ki yafe min."

"Na yafe tuntuni. Rigar ce ta yamutse, Baban Biyu."

Ya goge ta da hannunsa, ya ƙona wuyan kaɗan. Haka ta sa abarta. Ranar da ta yi wa mata bayani, Auta na gefenta da ɗankwali a kan da gashi ya fara tsirowa, Inna kuma a layin gaba tana cewa, "Ɗaga murya, 'yar nan, na baya ba sa ji!"

Haƙurin Maman Biyu bai faɗi ƙasa banza ba. Ciwo kuwa, ko an canza masa suna, aikinsa yake yi. Wanda kake so, ka ɓoye masa komai in ka ga dama, amma ban da sunan abin da zai iya kashe shi.