Lemon Fada a Port Richmond

Da hantsi aka kira Sufeto Tajuddeen zuwa wani babban gida a kan tudun Staten Island. Wani attajiri ne ya gina shi da duwatsun wata fadar sarauta ta Italiya da yaƙi ya rusa, ya kwaso har da itatuwan lambunta. Yanzu hayarsa ake bayarwa don bukukuwan aure.

An sace 'yar bishiyar lemo da ke cikin tukunya, irin na fadar.

"Ban ga kowa ba, yallaɓai," in ji Barmo mai gadi, mutumin Maraɗi.

Sufeto ya tsuguna. Ga sawun keken marasa lafiya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wajen shiga bai nutse ba, wajen fita ya nutse.

"Keken wa ka buɗe wa ƙofa?"

Barmo ya sunkuyar da kai. "Rukaya ce. Wata tsohuwa take yi wa jinya a unguwar Port Richmond, takan kawo ta shan iska."

Da Sufeto ya isa gidan tsohuwar, Rukaya, 'yar zangon Kumasi, ta tare bakin ƙofa da rigar aiki a jikinta.

"Jiya ko waje ban leƙa ba."

"To, ƙamshin furen lemon nan daga ina?"

Ta kauce, ta ba shi hanya.

Bishiyar na jikin gado. Tsohuwa Assunta na kwance, yatsunta riƙe da ganye ɗaya.

"Mahaifinta ne mai kula da lambun fadar," Rukaya ta ce a hankali. "Ƙarƙashin irin wannan lemo ta yi rarrafe. Likita ya ce ba za ta ƙara fita ba. Na roƙi masu gidan reshe ɗaya, suka hana. Ni na ɗauko, na lulluɓe da bargo. Barmo bai sani ba."

Tsohuwar ta buɗe ido, ta dubi Sufeto, ta yi magana da Italiyanci.

"Me ta ce?"

"Ta zaci kai ne babanta. Wai ka manta ba ka ba lemon ruwa ba."

Ya ɗauki kofi, ya tsiyaya ruwan a gindin bishiyar. Tsohuwar ta yi murmushi, ta lumshe ido.

Ya jira har mai canjin Rukaya ta iso. Ankwa bai fito da ita ba.

"Mu je ofis, Malama."

A bakin ƙofa ta waiwaya. "Bishiyar fa?"

"Shaida ce," ya ce yana buɗe mata mota. "Kada wanda ya motsa ta daga inda take sai na gama bincike. Ni kuwa ba ni da sauri."