Ƙarar Babur ɗin Pei-shan

Ranar da Pei-shan ta turo tsohon babur ɗin babanta garejin Chih-yuan a birnin Tainan na ƙasar Taiwan, sifana ta suɓuce masa har sau biyu. Ya canza mata taimin cen, sarƙar cikin inji, ta tafi rarraba madarar waken suya, ta bar shi da kallon hanya.

Bayan kwana kaɗan saƙonta ya shigo: "A-Yuan, babur yana kas-kas tun da ka taɓa shi. Ko dai hannunka ne?"

Ta zo. Ya kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya saurara. Cen lafiya lau. Ya bi ya ɗaɗɗaure komai, ƙara ta ɗauke. Mako bai zagayo ba ta dawo, babur na kas-kas kuma.

"Shan-shan, babur ɗin nan zai kashe ni."

"Ka gaji da ganina ne?"

Bai gaji ba. Duk ranar da ba ta zo ba, ko shinkafa ba ta wuce masa, kowane babur ya gifta sai ya ɗago kai.

Sai dai Baba Kuo, mahaifinta, ya gaji. Ya tuƙo babur ɗin da kansa, Pei-shan na biye, idonta ya yi ja.

"Yaro, an ce kana son 'yata. Wanda ya kasa magance ƙarar inji, gida zai iya riƙewa? Ɗan mai babban shagon babura yana nemanta. Ka gano matsalar yau, ko kar in sake ganinka."

Chih-yuan ya matso kusa da babur ɗin. Ya durƙusa yana bin ƙarar da kunne, daga inji har salansa. Can ya ga notin murfin salansa a kwance, da sabon shatin sifana a jikinsa. Shi kuwa ya san ya ɗaure shi tam. Ya dubi Pei-shan, ta sunkuyar da kai. Ashe ita ke kwancewa don ta samu dalilin zuwa. Daɗi ya kama shi, tsoro ya biyo baya: in ya faɗa, ya kunyata ta gaban mahaifinta.

"Baba, sakacina ne. Ni na bar notin nan."

Tsohon ya zaro wata ƙaramar sifana daga aljihu.

"Wannan a jakarta na tsince ta. Ka gwammace ka zubar da sunanka a sana'a ka rufa mata asiri. Jeka ka turo manyanka."

Ranar baiko, bayan Pei-shan ta zagaya da shayi mai zaƙi ga dangin ango, Baba Kuo ya damƙa mata sifanar a hannu.

"Tafi da abarki, 'yata. Yanzu ba sai kin kwance komai ba kafin ki gan shi. Ku tsufa tare lafiya."