Ƙwayar da Ta Ƙi Ƙonewa

A motar Karaye zuwa Rogo Hafizu ya fara ganin Rumasa'u. Ita ta tambaye shi abin da ya rungume kamar jariri.

"Aikin digirina ne," in ji shi. "Garin sinadaran kobalt da kalsiyam nake gasawa, ya zama ƙwaya mai hawa-hawa. In gefe ɗaya ya ɗau zafi, ɗayan yana da sanyi, sai ta ba da lantarki."

Ta yi dariya. Bawan Allah, tun daga nan ya rasa kansa.

Da soyayya ta yi nisa, ya naɗe ƙwayar da ta fi kowacce kyau a takarda, ya ɗaure da zare, ya miƙa mata. "Tauraruwata, ban mallaki abin da ya fi wannan ba."

Kai, Hafizu, duk karatunka! Baƙin abu a ɗaure, ƙarƙashin matashin budurwa? Innarta ta gani, ta jefa a murhu. To, abin da aka gasa a wutar da ta ninka ta murhu, ina zai ƙone? Aka ce ga shaida nan, asiri ne. Mahaifinta, Malam Shitu, ya hana Hafizu taka garinsu, Gwangwan.

"Sun ce ba ni ke son ka ba, asiri ne," ta rubuto masa. "Wallahi wannan ya fi rabuwar ciwo."

"Ki yafe min, ni na ja miki," ya amsa, yana share hawaye.

Damina ta wuce, Rumasa'u ta rame, ko dariya ba ta yi. Rannan ta durƙusa gaban Malam.

"Baba, asiri yana ci bayan Ayatul Kursiyyu?"

"Ba ya ci."

"To ka gwada da hannunka."

Da hantsi aka kira Hafizu, ya zo da ƙwayoyin jere a faranti, an haɗa su da wayar lantarki zuwa wani ɗan ƙwan fitila. Malam ya karanta, ya tofa, ya ɗora farantin kan jiƙaƙƙen tsumma, ya aza butar shayi mai zafi a kai. Ɗan ƙwan fitilar ya kama.

Malam ya daɗe yana kallon yadda 'yarsa ta rame. "Wannan ba asiri ba ne. Mun zalunce ku. Ka turo magabatanka."

Ranar da aka kai ta gidan Hafizu, ana ta Allah ya ba da zaman lafiya, ta kwance bakin mayafinta. Ƙwayar ce, har da tokarta.

"Tun ranar na tono ta daga murhu," ta ce. "Da ɗuminta."