Minti Tara Zuwa Gada

Ranar Laraba ce. Tun hantsi hadari ya haɗo ya tsaya a kan birnin, bai zubo ba, bai watse ba. Gari ya yi duhu-duhu, ga zafi kamar an kifa wa mutum tukunya. Ƙarfe uku da kwata na yamma, Kwandasta na zaune a bayan sitiyarin wata farar mota ta sata, inji a kunne, daidai ƙaramar ƙofar wani rumbun wayoyin hannu. Abokan aikinsa biyu, Tsoho da Shiru, sun shiga ta babbar ƙofa minti biyu da suka wuce, bindigogi a cikin jakar kayan gyara.

Birnin ɗaya ne, amma jihohi biyu ne suka raba shi. Kogi ya ratsa ta tsakiya, gada ɗaya ta haɗa. A tsakiyar gadar akwai allo mai fuska biyu, kowace fuska tana yi maka barka da zuwa wata jiha. Wannan gefen masana'antu ne da kasuwanni da rumbunan kaya. Wancan gefen haya ce mai araha, lunguna da kwatami, can talaka yake kwana. Kowace safiya dubban mutane su tsallako neman abinci, kowace yamma su koma. Jihar da ke cin guminsu ba ta san inda suke kwana ba, jihar da suke kwana ba ta san inda suke yini ba. Kowane gefe yana kiran ɗaya gefen Tsallake.

Shekara shida Kwandasta ya yi a rataye a ƙofar bas yana kiran fasinja a kan wannan hanya, shi ya sa sunan ya bi shi. Shi ya kawo dabarar. A garejin Tsoho ya zana ta a ƙasa da tsinke, da tsakar rana, suna zaune a kan tayoyi. Ya ce da idonsa ya sha ganin motar 'yan sanda ta biyo ɓarawo a guje, tana zuwa allon nan sai ta ci birki, a tsaya ana buga waya. Kafin takarda ta je ofishin wancan gefe, mutum ya yi wanka ya canza riga. Ya ce daga uku zuwa huɗu da rabi gadar fayau take, sai biyar ma'aikata suke cika ta. Daga rumbun zuwa allon minti tara ne, ya gwada sau uku.

Tsoho ba tsoho ba ne, furfura ce ta riga shekarunsa zuwa. Doka ɗaya gare shi: ba a aiki a inda ake kwana. Ya tambaya ko akwai ɗan unguwarsu a cikin ma'aikatan rumbun. Kwandasta ya ce ya yi sati biyu yana leƙen masu shiga da fita, babu fuskar da ya sani.

"In aka samu fuskar da ta san ka," in ji Tsoho, "kai ka san abin da nake yi wa fuska."

Shiru, wanda ba ya magana sai ta kama, ya yi dariya ta hanci.

Yanzu ga shi a mota, yatsunsa suna kaɗa sitiyari. Minti uku. Iska ta taso, ledoji suna tashi sama. Sai ƙaramar ƙofar ta buɗe, wata mace ta fito da bokitin shara, sanye da shuɗiyar rigar masu goge-goge. Ta zubar da sharar a cikin durom, ta juyo, ta kalli motar. Ta ƙara kallo. Ta ajiye bokitin.

Yayarsa ce. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi ta sintiri makaranta tana ba da haƙuri har ranar da ya daina zuwa gaba ɗaya. Wata bakwai rabonsa da gidanta. Bai san shagon ɗinkin da take aiki ya rufe ba. Bai san maƙwabciyarta ta haihu, ta ba ta aron gurbinta a nan tun ranar Litinin ba.

Ta ƙwanƙwasa gilashi da ɗan yatsa. Ya sauke.

"Auta? Kai ne ko idona ne?"

"Yaya, bar nan."

"Ka ji min yaro. Wata bakwai ba gaisuwa, sai bar nan? Motar wa ka ɗauko?"

Ya ce ta maigidansa ce, aike ne, ta tafi bakin titi zai same ta. Ba ta ko motsa ba. Ta dafa ƙofar motar da gwiwar hannu kamar yadda take dafa katanga in za ta yi dogon zance. Ta ce ya rame, ta ce wuyansa ya yi tsawo kamar na zakaran da aka manta da shi. Ta ce yaran suna tambayar kawunsu, ƙaramar har ta fara cewa ya mutu. Ta ce tun da Allah ya kawo shi da mota, sai ya jira ta, yau da wuri za a tashi saboda hadarin nan, kowa yana son ya tsallaka kafin ruwa ya shiga ɗakuna.

Maganar ta wuce ta kunnensa, ba ta zauna ba. Idonsa na kan ƙofa.

"Yaya, don girman Allah, ki tafi. Ki yi ta tafiya, kar ki waiwayo."

Sai a lokacin ta dubi fuskarsa sosai. Ta ga hular da ya ja har gira, ta ga babu lamba a gaban motar. Hannunta ya sauka daga ƙofa a hankali.

"Auta, me ka yi?"

Ƙarar bindiga ta tashi daga ciki — ɗaya, biyu. Ƙofar ta bugu da bango. Shiru ne a gaba da buhuna biyu, Tsoho a baya yana harbi sama. Maigadin rumbun, wani dattijo da aka ɗauka ba zai iya komai ba, ya rarrafo daga ɗakinsa da tsohuwar bindigarsa, ya saki wuta ido a rufe. Bai sami Tsoho ba. Bai sami Shiru ba.

Yaya ta zauna a ƙasa kamar wadda ta gaji.

Kwandasta bai san lokacin da ya fita ba. Ya ɗauke ta, ba ta da nauyi, ya tura ta kujerar baya a kan buhunan. Jini yana fita ta ƙasan haƙarƙarinta, shuɗiyar rigar ta koma baƙa.

"Wace ce wannan? Fitar da ita!" in ji Tsoho.

"Yayata ce."

"Ka ce babu fuska."

"Ka harbe ni ka tuƙa da kanka."

Tsoho bai iya tuƙi ba, Shiru ma haka. Tsoho ya shiga gaba, ya ja ƙofa, ya ɗora bakin bindiga a cinyar Kwandasta. Motar ta fizga. Ruwan ya ɓalle a lokacin, kamar da bakin ƙwarya.

A ofishin 'yan sanda na kusa da kasuwa, Saje yana cire takalmi ya ji kira. Shekara goma sha tara yana aiki a wannan gefe, shi ma a Tsallake yake haya. Da ya ji farar mota ce kuma ta yi hanyar kogi, bai yi gaggawar ɗaura igiyar takalmin ba. Ya gaya wa direbansu ɓarayin sun riga sun sha, amma a je, kar a ce ba a je ba.

Minti huɗu da barin rumbun, suka zo mahaɗar da hanya ta rabu. Dama asibiti, ga dogon gininsa ana hangowa ta cikin ruwa. Miƙe gada. Kwandasta ya sa sigina ta dama, abin da hannunsa ya saba. Tsoho ya danna bindigar har sai da ya ji ƙarfen a ƙashi. Ya ce akwai asibiti a Tsallake, minti biyar ne bambanci, in suka tsaya a nan su huɗun duka gawa ne. Ya rantse da kansa zai shigar da ita.

Daga baya Yaya ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ba asibiti ta ce ba.

"Kai ni gida, Auta. Yara su kaɗai ne. Ruwa zai shiga."

Ya miƙe hanyar gada.

Ya hau gadar a guje, ya yi kamar tsawon filin ƙwallo biyu, sai ya taka birki har motar ta juya gefe. Gaba dai mutane ne. Bas-bas, babura, masu tura kura, mata da leda a ka, leburori da takalma a hannu, 'yan kasuwa, masu gadi, masu shara, duk Tsallake ta taso gaba ɗaya tana komawa gida tun huɗu saura. Babu inda allura za ta bi. Nan maganar Yaya ta dawo masa. Ya san wannan, ya fi kowa sani. Ranar hadari ma'aikacin Tsallake ba agogo yake dubawa ba, sama yake dubawa, domin ɗakinsa a gangare yake kuma katifarsa a ƙasa take. Irin ranar ce suke cika bas har ƙofa. Ya auna hanyar sau uku, duka ukun rana tana haske.

Ya danna hon. Wani mai babur ya juyo ya zage shi. Motar tana tafiya taku ɗaya, ta tsaya. Allon yana can gaba, ana ganin rubutunsa. A baya, nesa, jiniya.

Ya sa giyar baya, zai koma asibiti ko ta kan waye. Tsoho ya miƙa hannu ya murɗe makullin, ya zare, ya sauke gilashi ya wurga shi ta saman ƙarfen gada. Ko ƙarar faɗawarsa ruwa ba a ji ba.

"Motar ta tare wa 'yan sanda hanya," ya ce. "Ka yafe ni, ƙanena. Ko kar ka yafe."

Ya cusa bindigar a ƙarƙashin kujera, ya ɗauki wata ƙaramar jaka cike da wayoyi, ya fita. Furfurarsa ta jiƙe, ya zama kamar kowane uba mai komawa gida. Shiru ya fito ta baya da buhu a kafaɗa, bindigarsa tana leƙowa ta ƙasan riga. Tsoho ya yi taku goma, ya juyo, ya nuna Shiru da yatsa, ya ɗaga murya yadda duk gadar za ta ji.

"Jama'a, ɓarawo! Ga bindiga a jikinsa, sun harbi mace!"

Shiru ya buɗe baki, karo na farko da Kwandasta ya ga yana neman magana. Bai samu ba. Taron ya rufe shi. Ta gefen da kowa ya bari, Tsoho ya bi a hankali, ya wuce allon, ya shige cikin masu laima.

Kwandasta ya ciro Yaya, ya saɓa ta a baya kamar yadda ta sha saɓa shi. Ganin jini ya sa aka dare masa, ba wanda ya san da shi aka yi. Yana tafe yana ce mata sun kusa, ga allon nan, daga allo sai gangara. Hannunta yana wuyansa. Ta ce masa makullin ɗaki yana ɗaure a bakin zaninta. Ta ce ƙaramar ba ta cin abinci sai an zauna kusa da ita. Ta ƙara faɗin wani abu, ruwa ya cinye.

Daidai ƙarƙashin allon hannun ya saki.

Ya sauke ta, ya zauna a kan kwalta, ya ɗora kanta a cinyarsa. Taku ɗaya ya rage ya zama mutumin da ba a bi. Bai yi takun ba.

A ƙafa Saje ya iso, yana haki. Daga ɗaya gefen ma wasu 'yan sanda biyu suka iso, da irin kakinsa, bajen kafaɗa ne kawai ya bambanta. A kan Kwandasta ba a yi gardama ba, Saje ya sa masa ankwa, shi kuma ya miƙa hannu da kansa. A kan Yaya aka tsaya. Na Tsallake suka ce a can aka harbe ta, gawar can ce. Ofishin Saje suka ce ta waya mazauniyar Tsallake ce, kuma a duba da kyau, kanta a wane gefe yake. Aka duba. Kanta yana wata jiha, ƙafafunta suna wata.

Saje ya kashe wayar, ya tsuguna, ya kalli fuskar. Ya san ta. Layinsu ɗaya, ita ta ɗinka wa 'yarsa kayan makaranta. Ya cire rigar ruwansa ya lulluɓe ta. Iyakar abin da ikonsa ya kai ke nan.

"Ranka ya daɗe," in ji Kwandasta, "akwai yara biyu a ɗaki. Makullin yana bakin zaninta."

Saje ya kwance makullin, ya juya shi a tafin hannu. Ya ce sai ya tashi aiki, yanzu da kaki ba shi da izinin tsallakawa.

Mutane suka ci gaba da wucewa ta dama da hagu, kowa yana sauri ya je ya ɗaga katifarsa. Awa uku gawar ta yi a wurin kafin wata motar ɗaukar kaya, ba ta kowace hukuma ba, ta yarda ta ɗauka.

Ga abin da aka rasa ranar: Yaya, shekara talatin da huɗu. Shiru, wanda ba a sami mai zuwa karɓar gawarsa ba. Maigadi ya rasa aikinsa, bai ƙara barci daidai ba. Kwandasta ya sami ɗaurin shekara ashirin da ɗaya. Ruwa ya shiga ɗakin har gwiwa, ya ci katifa da keken ɗinki, maƙwabta suka sami yaran a tsaye a kan tebur, yanzu ɗaya yana wannan gefe wajen dangin uba, ɗaya tana wancan. Wayoyin an mayar wa mai su, ban da jaka ɗaya. Tsoho ba a ƙara ganinsa ba, kowace jiha ta ce yana ɗaya jihar.