Reza a Bangon Gabas

Ran da Zayyad ya zo Likoro liƙa ledar kwalta a bangon gabas na gidan Malam Hamisu, inda ruwa ke ratsowa yana ruɓar da masara, 'yar Malam, Mukarrama, ce ta kawo masa ruwan sha. Ta ajiye, ta ƙi tafiya.

"Wai bango kake gasawa da wutar gas?"

"Ledar nake narkarwa ta kama. Ruwa ya daina shiga ke nan."

"Me ke cikinta?"

"Wata rana kya sani, 'Yar Tambaya."

Sunan ya bi ta, so ya biyo sunan. Da magabatan Zayyad suka zo neman aurenta, Malam ya turje, domin Tukur mai siminti, wanda shi ma yake nemanta, ya ce ledar yaudara ce.

"Damina za ta raba mu," in ji Malam. "In ta yi yoyo, kada ya dawo."

Son sani ba laifi ba ne, amma taɓa abin da ba a sa ka ba ɓarna ce, ko wa ya yi. Mukarrama ta sa reza ta tsaga gefen ledar don ta ga cikinta. Zare kawai ta gani da kwalta.

Ruwan farko, buhu biyu suka jiƙe.

Zayyad ya zo, ya shafa tsagar, ya ga yankan reza sarai. Malam yana faɗa, shi kuwa cewa ya yi, "A gafarce ni, Baba. Zan gyara."

Ta tura masa saƙo: "Ka san ni ce. Me ya hana ka faɗa?"

Ya amsa: "Leda tana ɗaukar faci, 'Yar Tambayata. Kunyarki a gaban Baba ba ta ɗauka."

Wannan karon ba ta da sauran tambaya. Ta je ta durƙusa, ta ajiye rezar a gaban mahaifinta.

"Baba, ni na yanka."

Malam ya ɗauki rezar.

"Ya sani, ya bar ni ina zaginsa?"

"Ya sani."

"Kira min shi. Ke kuma kin yi wauta."

Gaskiya ya faɗa mata. Bayan girbi aka ɗaura aure, masara a bushe. Da za a kai amarya Makarfi, garin ango, Malam ya sa musu albarka, sannan ya ja ango gefe.

"In ta tambaye ka abu, ka amsa mata da wuri. Rezar tana wurina."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya tagari.