Sanda Biyu a Kan Kwali

Akwai wata yarinya a unguwar Albarika, cikin garin Parakou. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, kuma ta iya zane. Amma ba ta son a ga nata ya gaza na wani.

Wata Litinin, malaminsu Mushe Iliassou ya ɗaga takardar sefa a gaban aji.

"Ƙasa nawa ke cin kasuwa da irin wannan kuɗi?"

"Takwas, Mushe!" in ji yara. Suka lissafo su: Benin, Nijar, Togo, Mali, Burkina Faso, Senegal, Kodibuwa da Gine-Bisau.

"Madalla. Yanzu ga aiki. Ina son a gwada masu shekarun aiki na Benin da na ƙasashen nan takwas gaba ɗaya. Masu shekarun aiki su ne 'yan shekara goma sha biyar zuwa sittin da huɗu."

Ya haɗa yarinyar da ƙawarta Khalida, ya ba su takarda mai alƙaluma. Ita za ta yi zane a kwali. Khalida za ta yi bayani ranar Alhamis. Kwalin da ya fi kyau za a rataye shi a ƙofar aji, iyaye su gani.

A gida ta shimfiɗa kwali a tabarma. Takardar ta nuna ƙasashen takwas suna da masu shekarun aiki kusan miliyan tamanin. Ta zana doguwar sanda. Benin tana da kusan miliyan takwas. Ta zana 'yar gajera.

Ta ja da baya ta duba. Sandar Benin kamar tsinken ashana a gefen taɓarya.

"Haba! Ƙasarmu ce haka?"

Sai ta ga wani adadi a gefe: sama da miliyan goma sha huɗu. Wannan na dukan mutanen Benin ne, har jarirai da tsofaffi. Ta san ba shi aka tambaya ba. Duk da haka ta goge, ta rubuta shi, ta ƙara wa sandar tsawo. Ba ta gaya wa Khalida ba.

Ranar Alhamis Khalida ta tsaya gaban aji, ta karanta abin da ke kwalin da ƙarfin murya. Mushe Iliassou ya dakatar da ita.

"Khalida, ina kuka samo miliyan goma sha huɗu?"

Khalida ta dubi kwali, ta dubi ƙawarta. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Kun sa har jarirai cikin ma'aikata?" in ji Mushe.

Aji ya fashe da dariya. Khalida ta koma kujera tana share hawaye. Aka naɗe kwalinsu aka ajiye a bayan allo. Da aka tashi, Khalida ta tafi gida ita kaɗai.

Ranar Asabar yarinyar ta raka mahaifiyarta zuwa garin Djougou. Daga tasha suka hau babur zuwa ƙauyen Bariénou, gidan Kawu Habou, yayan mahaifiyarta. Lokacin haƙar doya ne. Gidan cike yake da mutane, ga kaji, ga ƙamshin miyar Kaka.

Da la'asar wani maƙwabci ya yi sallama.

"Habou, gobe akwai gayya a gonar Mounkaila. Mutum nawa zan sa wa gidanka?"

"Bakwai," in ji Kawu.

Bayan mutumin ya tafi, yarinyar ta matso.

"Kawu, na ƙidaya ku ɗazu wajen cin abinci. Ku goma sha tara ne. Me ya sa ka rage gidanmu?"

Kawu Habou ya yi dariya. "Bakin da ke cin tuwo kika ƙidaya, 'yata. Shi hannun da ke riƙe fartanya ya tambaya."

"Amma in ka ce goma sha tara, ai za a ce gidanka babba ne."

"Za a ce. Sannan a ware mana kunyoyin doya na mutum goma sha tara. Wa zai haƙe ragowar? Jaririn da ke bayan matata? Ko Kakarki?"

"Ni na gama nawa tun kafin a haife ka!" in ji Kaka daga bakin murhu.

Kowa ya yi dariya, ban da yarinyar. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta ba su labarin kwalin tun daga farko.

Kaka ta ajiye ludayi. "Zo nan, jikata. Sandar da ta yi tsawo, ta ƙara wa Benin ko mutum ɗaya?"

"A'a, Kaka."

"Khalida fa? Ta san abin da kika yi?"

"Ba ta sani ba."

"To, wannan ya fi zanen muni. Kin bar ta da laifinki a ka."

Kawu Habou ya ɗauko doya goma ya jera a ƙasa. Ya ware guda.

"Takwas cikin tamanin, nawa ke nan?"

Ta yi tunani. "Ɗaya cikin goma."

"Ga tamu nan. Kuma ba a waje take ba, tana cikin goman." Ya mayar da doyar cikin 'yan uwanta. "Ƙasa ɗaya ce tsakanin takwas. Ina abin kunya?"

Da suka koma Parakou, yarinyar ba ta ko cire takalmi ba. Ta wuce gidan su Khalida a unguwar Ganou.

"Khalida, ni na canja adadin, da gangan. Ki yafe mini."

Khalida ta dube ta. "A gaban aji aka yi mini dariya."

"A gaban aji zan faɗa."

Ranar Litinin yarinyar ta ɗaga hannu tun kafin a buɗe littafi. Ta miƙe, ta faɗi komai. Wannan karo ba wanda ya yi dariya.

"Kin yi kuskure biyu," in ji Mushe Iliassou. "Kin gwada abin da ba iri ɗaya ba, kuma kin ɓoye gaskiya. Yau kin gyara na biyun. Ku je ku gyara na farkon tare."

Suka sake zane a sabon kwali. Khalida ta riƙe ma'auni, yarinyar ta ja layi. A ƙasa suka rubuta: "Cikin masu shekarun aiki goma a ƙasashen nan takwas, kusan ɗaya ɗan Benin ne." Mushe ya duba, ya ce ya yi daidai. Aka rataye shi a ƙofar aji.

Da aka tashi, su biyun suka kama hanyar gida suna raba ƙuli-ƙuli.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa son ƙasa ba ya buƙatar ƙarya. Ka faɗi adadi yadda yake, ko da kaɗan ne. In kuma ka yi laifi, kada ka bar wani ya ɗauka.