Sau Ɗaya a Wata

"Mama, ki murza da kyau don Allah. Fuskar amarya nake so!"

Hannuna yana kan kumatunta ta faɗi haka. Dilka nake shafa mata, haɗin da nake yi da kaina na kurkum da mai da ƙamshi, wanda ke goge fata ta yi laushi. Na tsufa a wannan sana'a a ɗakina da ke unguwar Bolori, amma ban taɓa jin ina so in shaƙe wadda ta zo gyara ba sai ranar.

Wai Mama! Ni Kellu shekarata arba'in da biyar, ita kuma Mu'mina ta haura talatin. A ina na haife ta?

"Wane ne angon?" na tambaya ina danne murya.

"Ba a sa rana ba tukuna, amma Ya Falmata ta ce in fara shiri." Ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni. "Ai kin san ƙaninta... Kashim, mai sayar da huluna a Kasuwar Kwastam."

Na san shi mana! Duk unguwa an san Kashim ne ke sallama a ƙofata tun bayan da kowannenmu ya yi rashi, shi matarsa, ni mijina. An san kuma ranar Juma'a ta sama manyansa za su zo neman aurena. Yayarsa Falmata ce kaɗai ta kafe, wai me zai yi da macen da ta gama yayinta. Mu'mina ta san duk wannan, shi ya sa ta taso tun daga Bulumkutu, ta tsallake masu dilka ko nawa, ta zo ta shimfiɗa min fuskarta a hannu.

Halawa na kan wuta a gefena, sikari da lemon tsami da ake cire gashi da su. Shaiɗan ya raɗa min in ɗora mata da zafinta. Na yi a'uziyya, na jira ta huce. Abin haushin shi ne na iya aikina, yarinyar nan ta tashi tana sheƙi.

A bakin ƙofa ta juyo, ta kai yatsa gefen idona.

"Ke ma ki riƙa yi wa kanki mana, Mama. Nan ya fara tattarewa..."

Tana fita na ɗauki madubi. Ban taɓa ƙirga layukan fuskata ba sai ranar, kuma duk wanda na gani sai in ji kamar Kashim ya riga ni ganinsa. Kishi ya taso min har wuya. Ragowar dilkarta na kwashe na murza wa kaina, washegari na ƙara, jibi na bi da halawa.

Maƙwabciyata Ketura, malamar firamare, ta shigo ta same ni ina dirzar goshi kamar mai wanke tukunya.

"Kellu! Ba shekaranjiya na ga kin yi ba?"

"Na yi."

"Ba ke kika kore ni da na dawo da wuri ba? Kika ce duk wadda ta haura arba'in sau ɗaya a wata ya ishe ta, fatarmu ba ta saurin sabunta kanta, hutu take so. Kika ce tsakani in shafa mai kawai, in guji rana."

"Wannan ke na faɗa wa."

"To ke fatar ƙarfe gare ki?"

"Ke ba wanda ake so a ƙwace miki!"

Ta girgiza kai ta fita. Ni kuwa na ci gaba.

Kayan haɗi suka riƙa ƙare min, na riƙa zarya Kasuwar Kwastam wajen Abdulwahab mai kayan ƙamshi, wanda rumfarsa ke kallon ta Kashim. A zuwana na ƙarshe na hango Mu'mina tsaye a gaban Kashim tana juya hula a hannu, shi kuma yana murmushi. Murmushin nan da nake zaton nawa ne ni kaɗai! Na ja mayafi na rufe fuska, na karɓi kurkum ɗina, na wuce Kashim ko gaisuwar wushe ban yi masa ba. Da na isa gida na ƙara murzawa, ina yi ina kuka.

Da safe fuskata ta ba ni amsa. Ta yi ja, ta kumbura, tana raɗaɗi ko iska ce ta taɓa ta. Daga baya ta fara saɓa, baƙin tabo ya zauna a kumatuna biyu. Ni da nake gyara amaren gari, ga ni na ɓata kaina da hannuna, Juma'a kuma ta matso.

Kashim ya yi ta kira, na ƙi ɗauka. Na aika masa cewa a ɗaga zuwan manya.

Bayan la'asar na ji sallamarsa a tsakar gida. Na saki labule, na tsaya a bayansa.

"Kellu, fito."

"Ba ni da lafiya."

"Ba ki da lafiya, amma kina da ƙafar zuwa rumfar Abdulwahab?"

Muryarsa na rawa. Tunda na san shi ban taɓa jin ta haka ba.

"Me ya kawo Abdulwahab?"

"Ni zan tambaye ki! Kullum kina gabansa, yana auna miki yana washe baki. Kin gan ni kin rufe fuska kin wuce. Yau kuma a ɗaga rana? Idan shi kike so ki faɗa min, Kellu. Zan ji ciwo, wallahi zan ji... amma ki faɗa min da bakinki."

 Ashe duk kwanakin da nake ƙonewa, shi ma yana can yana tafasa a rumfarsa!

"Kai fa? Na gan ka da Mu'mina kana zuba mata murmushi."

"Hula ta zo saya wa babanta. Kuka zan yi mata?"

"Ta ce min ita ce amaryarka. A hannuna ta kwanta ta faɗa!"

"Amaryar Ya Falmata dai. Na gaya wa yayata a gaban kawunmu, in ba Kellu ba sai dai in zauna haka. Yanzu ɗaga labulen nan."

"Ba zan iya ba..."

"Kelluna."

 Na ɗaga labulen, na sauke mayafi, na rufe ido don kada in ga lokacin da zai ja da baya.



"Inna lillahi... Wa ya yi miki wannan?"

"Ni."

"Saboda me?"

"Saboda kai! Ina so ka kalle ni ka ga abin da kake gani a fuskarta. Na tsufa, Kashim. Tsoro nake ji."

Na buɗe ido. Bai ja da baya ba. Ya cire hularsa ya sunkuyo da kai, furfura ta ci rabin gashin, tsakiya kuma ba komai.

"Kalli nan. Wannan ne za ki ƙone fuska dominsa? Layukan da kike yaƙi da su, ina nan suka fito, Kellu. Na san na rashin mijinki, na san na dariya. Ban taɓa cewa a goge min ko ɗaya ba."

Hawaye suka zubo, suna sauka a kan saɓar suna yi min zafi, amma ban share ba.

"Ya Falmata za ta gan ni haka ranar Juma'a. Za ta samu abin faɗa har shekara."

"Ta faɗa. Yana ciwo?"

"Sosai."

"Gobe da safe zan kai ki wajen likitan fata. Yaushe kike ganin za ta warke?"

"Idan na ƙyale ta... wata ɗaya, ko fiye. Shi ya sa na ce a ɗaga."

Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya dube ni ido cikin ido.

"Ba za a ɗaga ba. Manya za su zo Juma'a, a nemi auren a ɗaura shi a ranar, a wuce wurin. Fuskar nan a gidana za ta warke."